Daga Gidan Dare Zuwa Santambul: Yadda Ake Tsara Tafiyar Turkiyya

Mutanenmu suna zuwa Turkiyya fiye da yadda ake zato. Daga nan Gidan Dare har cikin Tsohuwar Kasuwa a Sakkwato akwai masu zuwa sarin abaya da takalma da kayan yara da labule, ga ɗalibai, ga masu neman magani. Amma ka tambayi wanda ya sha zuwa abin da ya gani, sai ya ce maka: "Mi munka gani? Shago da otal da filin jirgi." Ya riga ya biya tikiti, ya sha wahalar biza, ya kwana a unguwar da ba ta kai tafiyar minti ashirin da ƙafa zuwa Ayasofiya ba, amma ya dawo bai leƙa ba. Wannan jagora ta mai son ƙara kwana biyar ko mako guda ce a kan tafiyarsa, ko wanda ya tashi takanas don ya ga ƙasar.

Abu na farko shi ne sanin girman wurin. Turkiyya ta kai murabba'in kilomita 783,000, kuma daga yammacinta zuwa gabashinta akwai wajen kilomita 1,600. Kashi 3 cikin ɗari na ƙasar ne kawai ke cikin Turai, sauran duk yana Asiya, wato Anatoliya. Mashigin ruwan Bosforus, mai tsawon kusan kilomita 30, shi ya ratsa Istanbul ya raba nahiyoyin biyu. Tun 1941 masanansu suka kasa ƙasar yanki bakwai: Marmara inda Istanbul take, gaɓar tekun Ejiyan a yamma, gaɓar Bahar Rum a kudu, tsakiyar Anatoliya, gaɓar Bahar Aswad a arewa, gabas, da kudu maso gabas. Kowane yanki da yanayinsa da abincinsa. Wanda ya ce zai gama su a tafiya ɗaya, a cikin mota zai ƙare kwanakinsa. Dokar da nake ba kowa ita ce: Istanbul, sannan hanya ɗaya tak. Taura biyu ba ta taunuwa.

Shiri tun daga gida

Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Turkiyya yana Abuja. Abin da aka saba nema shi ne fasfo mai sauran wa'adi da yawa, bayanin asusun banki, shaidar kama masauki, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar tafiya. Ƙa'idojin suna sauyawa, don haka ka ji daga bakin ofishin kafin ka ba wani ejan kuɗinka. Ka riƙe katin allurar shawara tare da fasfo. Duk wanda ya yi maka alkawarin aiki ko ƙungiyar ƙwallo a kan bizar ziyara, ka yi masa sallama. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa tara ce ke jiransa, wani lokaci har da hana shi sake shiga.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III ka sauka Abuja, daga nan Turkish Airlines na tashi kai tsaye zuwa Istanbul, tafiyar awa shida zuwa bakwai. Kada ka haɗa jirgin Sakkwato da na Istanbul a yini ɗaya. Jiragen cikin gida sukan ɗaga lokaci ba sanarwa, musamman da hazon hunturu, kuma kuɗin kwana ɗaya a Abuja bai kai asarar tikiti ba. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu duk shekara.

Lokacin tafiya ya fi komai muhimmanci ga Basakkwace. Zafi ba zai ba mu tsoro ba, sanyi ne abin gudu. Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba, su ne daidai. Afrilu ma riba biyu ce, ka tsere wa bazarar Sakkwato, ka tarar da furanni sun buɗe a lambunan Istanbul. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa da iska ne a Istanbul, a Erzurum da Kars kuwa sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri ashirin. Rigar sanyin da muke sawa da hunturu ba ta yin komai a can. Ka sayi kwat mai kauri da safa da takalmi rufaffe idan ka isa. Ka kuma kauce wa ranakun ƙaramar Sallah da babba, domin kasuwanni na rufewa, motoci da jirage su cika maƙil.

Kuɗi kuwa, ka tafi da dala. A filin jirgi ka canja abin da zai kai ka masauki kawai, sauran ka riƙa canjawa kaɗan kaɗan a shagunan canji na cikin gari, saboda lira ta daɗe tana faɗuwa. Ka ɗauki yajinka, don abincin Istanbul ba ya da barkono yadda muka saba. Kilishi dai ka bar shi a gida, kwastan ba sa barin nama a jakar matafiyi.

Istanbul

Sabon filin jirgin, wanda ya soma aiki gadan-gadan a 2019, yana da nisan wajen kilomita 40 daga tsohon gari. Bas ɗin Havaist ko jirgin ƙasa na M11 sun fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan dole sai tasi, ka tabbata direba ya kunna mita. Da zarar ka samu sarari ka sayi Istanbulkart ka zuba masa kuɗi. Da wannan kati ɗaya za ka hau bas da jirgin kan titi da na ƙarƙashin ƙasa da jirgin ruwa.

Layin jirgin kan titi da ake kira T1 shi ne abokinka. Yana bi ta Aksaray da Laleli, inda masu sari suke sauka, ya wuce Beyazit ƙofar babbar kasuwa, ya tsaya Sultanahmet, ya gangara Eminonu bakin ruwa. Wanda ya kama ɗaki a kan wannan layi ya huta da neman mota.

Yinin farko na Sultanahmet ne. Ayasofiya an kammala ta a shekarar 537 a matsayin coci, a zamanin sarkin Rumawa Jastiniyan. Sultan Muhammadu Alfatih ya mai da ita masallaci da ya ci birnin a 1453, gwamnatin Ataturk ta mai da ita gidan tarihi a 1934, aka sake buɗe ta ga masallata a Yulin 2020. Mai shiga sallah ba ya biya, masu kallo ƙofarsu daban. Ka je kafin azahar ka samu sahu. Daura da ita ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka soma a 1609. Bayan Ayasofiya kuma ga fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa suka zauna kusan shekara 400. Kada girman fadar ya ɗauke maka hankali ka ɓata lokaci a ɗakunan tangaran. Ka nufi sashen amanoni masu tsarki, inda aka ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sahabbansa: takubba, baka, wasiƙa, da makullan Ka'aba. Yawancinsu sun zo ne bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Mayafin Annabi yana cikin akwatin zinariya, akwatin kawai za ka gani. A gefe akwai alaramma zaune yana karatu, in ya tashi wani ya karɓa, dare da rana. Fadar ba ta buɗewa ran Talata.

Basakkwace ba zai rasa abin tunani a wannan fada ba. Nan ne jakadun Mai Idris Alooma na Borno suka nufo a shekarun 1570, zamanin Sultan Murad na Uku. Turawa sun ci Sakkwato a Giginya a Maris na 1903, majalisar Ankara kuma ta soke halifancin Santambul, wato Istanbul, a Maris na 1924.

Yini na biyu ka soma da Eyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Annabi a gidansa a Madina, ya rasu a yaƙin da aka kawo wa birnin a zamanin Mu'awiya. Asubar wurin cika take yi, musamman ran Juma'a da Lahadi. Daga nan ka hau tudu zuwa Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557. A ganina ya fi masallacin Sultan Ahmad kyau da natsuwa, kuma daga harabarsa ana hango ruwa da gari gaba ɗaya. Da ka gangaro sai babbar kasuwa mai rufi, Kapali Charshi, mai shaguna wajen 4,000. Ta kallo ce da tsaraba, kuma tana rufe ran Lahadi. Farashin farko da za a gaya maka na baƙi ne, ka taya ƙasa sosai, kuma shan shayin mai shago bai wajabta maka saye ba. Sari na gaske yana Laleli da Osmanbey da Merter.

Da la'asar sakaliya ka gangara Eminonu ka hau jirgin ruwan Uskudar. Cikin kamar minti goma sha biyar ka bar Turai ka shiga Asiya, da kuɗin da bai wuce na bas ba. Ka zauna a waje ta baya. Yaro zai zo da shayi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, fasinjoji na gutsura burodin simit suna jefa wa tsuntsayen ruwa, suna cafewa tun bai taɓa ruwa ba, hasumiyoyi kuma suna ja da baya a hankali. Akwai gadoji uku a kan mashigin, na 1973 da 1988 da 2016, akwai kuma jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin ruwa tun 2013, amma wanda ya tsallaka ta cikin rami bai ga komai ba. Masu tallar yawon jirgi na musamman za su tare ka a bakin ruwa da farashi mai tsada. Na gwamnati ya ishe ka. Idan da sauran ƙarfi, ka ƙarasa masallacin Chamlija a kan tudu, wanda aka buɗe a 2019, mai ɗaukar mutum 63,000.

Hattara biyu. Mai goge takalmi zai yar da burushinsa a gabanka, in ka tsinta masa ya ce zai goge maka don godiya, daga baya ya nemi kuɗi masu yawa. Wani kuma zai yi maka faran-faran ya ce ku je shan wani abu a wurin da ya sani. Kada ka bi. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka, 'yan sanda kan tsayar da baƙi a wajajen Aksaray.

Hanyar da na fi so: Bursa, Konya, Kapadokiya

Bursa tafiyar awa biyu zuwa uku ce daga Istanbul, ta mota ko ta jirgin ruwa zuwa Mudanya. Ita ce babban birnin Usmaniyawa na farko, sun ci ta a 1326, kuma kaburburan Usman da ɗansa Orhan suna kan tudu a tsakiyar gari. Babban masallacinta mai ƙubba 20 an gama shi a 1399, da wurin alwala a tsakiyarsa, bangonsa duk manyan rubuce-rubucen Larabci. Kusa da shi ga Koza Han, kasuwar siliki. Mai neman kujeru da gadaje ya ƙara tafiyar ƙasa da awa ɗaya zuwa Inegol, can masana'antun suke. Samarin da suka raba dare a kan fim ɗin Ertugrul, kabarinsa yana Sogut, a kan hanyar Eskishehir. Daga Eskishehir jirgin ƙasa mai gudu zai kai ka Konya cikin ƙasa da awa biyu. Tikitinsa yana ƙarewa da wuri, ka saya tun kana Istanbul.

Konya fadar Saljuƙawa ce, gari shimfiɗaɗɗe mai riƙo da addini, inda matarka ba za ta ji ta zama bare da hijabinta ba. Nan Maulana Jalaluddin Rumi ya rasu ran 17 ga Disamba, 1273, kuma hubbarensa mai koriyar ƙubba shi ne abin da ke kawo mutane. Kwana ɗaya ya isa. A hanyar Kapadokiya, wadda ke cin wajen awa uku, akwai Sultanhani, zangon ayari na dutse da aka gina a 1229. Saljuƙawa sun jera irinsa a tazarar tafiyar raƙumi ta yini guda, kuma fatake kan sauka kwana uku kyauta, su da dabbobinsu. Jikan mutanen da suka yi fataucin Gwanja zai gane amfanin wurin ba sai an yi masa bayani ba.

Kapadokiya ƙasa ce ta duwatsu masu laushi da iska da ruwa suka sassaƙa suka zama tsinaye, mutane kuma suka fafe cikinsu suka yi gidaje da coci-coci. Ka sauka a Goreme. A Derinkuyu akwai gari sukutum a ƙarƙashin ƙasa, hawa bisa hawa, da rijiyoyi da rumbuna da ƙofofin dutse da ake mirginawa a toshe hanya idan mahara sun zo. Lungunansa sai an sunkuya, mai ciwon baya ko fuka ya haƙura. Balan-balan masu ɗaukar mutane da asuba suke tashi, kuɗinsu kan haura dala ɗari, kuma in iska ta yi ƙarfi a soke. Mai so ya kama na safiyar farko don ya samu damar sakewa. Wanda aljihunsa bai kai ba ya hau tudu bayan sallar asuba ya kalla kyauta. Daga Kayseri ko Nebshehir jirgi zai mai da kai Istanbul cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

Kudu maso gabas

Wannan ce hanyar mai son tarihin annabawa, kuma ita ce mutanenmu suka fi jahilta. Ka tashi ta jirgi zuwa Gaziantep, garin baklawa da gasasshen nama, inda a ƙarshe za ka ji barkono a abinci. Yankin ya sha girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya, don haka ka zaɓi masauki da lura. Tafiyar awa biyu gabas, bayan ka tsallake kogin Furatu, sai Urfa. Mutanen garin sun yi imani nan ne Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim cikin wuta, wutar ta zama ruwa, itacen ya zama kifi. Tafkin yana nan cike da kifaye, ba mai kamawa balle ya ci, yara na sayen abinci a ɗan faranti suna watsa musu. Kusa akwai kogon da suke cewa a nan aka haife shi, a wata unguwa kuma kogon Annabi Ayuba. Riwayar gari ce, wasu malaman tarihi Iraƙi suke kai haihuwar, ka ziyarta da wannan sanin.

Kilomita kamar 15 daga Urfa ga Gobekli Tepe, ginshiƙan dutse da aka sassaƙa fiye da shekara 11,000 da suka wuce. Kudu kuma ga Harran, mahaifar Ibn Taimiyya a 1263, da ɗakunanta na laka masu tsinin kai, sai ka rantse rumbunan gero ne aka jera a ƙauyen Gobir. Harran tana dab da iyakar Siriya, kada ka yi gaban kanka ka wuce ta. Idan kwanaki sun ragu ka ƙarasa Mardin, garin dutse a gefen tsauni. A Mardin da Harran Larabcinka zai yi aiki. A watan Yuli zafin Urfa kan wuce digiri 40.

Sauran yankunan

Mai iyali da ke son hutawa ya nufi Trabzon a gaɓar Bahar Aswad. Tsaunuka ne kore shar, da hazo, da gonakin shayi a Rize, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, kusan ninki uku na abin da muke samu. Tafkin Uzungol yana da nisan wajen kilomita 100 daga Trabzon. Larabawan Gulf sukan mamaye wurin a lokacin zafinsu, shi ya sa farashi ke hawa a Yuli da Agusta.

Yamma akwai kangon birnin Afisa kusa da Izmir, da farin tudun Pamukkale mai ruwan ɗumi a Denizli, garin tawul da zannuwan gado. Za a nuna maka kogon Ashabul Kahfi a Afisa, a nuna maka wani a Tarsus, wani a Afshin, Jodan ma tana da nata. Antalya bakin teku ce ta Turawa masu shan rana. In ba otal mai raba maza da mata ka kama ba, ban ga abin da zai kai ka da iyalinka ba. Gabas mai nisa, inda tafkin Van yake, da tsaunin Ararat mai tsawon mita 5,137, da dutsen Judi a lardin Shirnak, ta wanda ya riga ya san ƙasar ce. Jirgin ƙasa daga Ankara zuwa Kars yana cin fiye da awa 24.

Sallah, abinci da mota

Yawancin Turkawa Hanafawa ne. Ba ƙunuti a asuba, ana yin amin a ɓoye, bayan sallama ladan ne ke jan tasbihi. Idan ka saki hannu wani dattijo na iya kallonka, ba faɗa ba ne. Wurin alwala yana waje, ruwansa da sanyi ƙarara, kuma bayin yawancin masallatai ana biyan 'yan kuɗi. Lokutan sallah na motsi sosai: a Yuni alfijir na ketowa wajen uku da rabi, magariba ta kai tara saura, a Disamba kuwa rana ba ta fitowa sai bayan takwas.

Nama ba abin damuwa ba ne, amma wasu gidajen abinci na sayar da giya. Ka nemi lokanta, inda ake jera tukwane a bayan gilashi ka nuna da yatsa: miyar adas, shinkafa da wake, kaza, da ayran, wato nono mai gishiri. Burodi a kan tebur yake, ba a ƙirgawa. Turanci ba ya nisa da zarar ka bar wuraren baƙi, ka sa manhajar fassara a waya, ka kuma riƙe katin otal ɗinka. A motocin dogon zango ba a haɗa namiji da macen da ba tasa ba a kujera ɗaya, don haka ku sayi tikiti tare da maiɗakinka.

Mai kaya ya gama da kamfanin kago a Laleli kafin ya fita yawo: a auna a gabansa, a rubuta sunansa da lambarsa a kan kowane ƙunshi, ya ɗauki hoton rasit. Duk hanyar da ka bi, ka dawo Istanbul ana gobe jirginka zai tashi, domin hazo da ƙanƙara kan tsayar da jiragen Trabzon da Kayseri. Ka isa filin jirgi awa uku kafin lokaci, wurin yana da girma, daga awon kaya zuwa ƙofar jirgi tafiya ce mai nisa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.